Lokacin Zuwa Bai Yi Ba

Mai Masauki ake ce masa, domin yana da 'yan ɗakunan kwana a bayan tashar mota, a gari na ƙarshe kafin hanya ta nitse cikin rairayi. Duk mai ratsa hamada, ko wanda kuɗi suka yi wa yawa har ya zo kallon tuddan yashi, a wurinsa yake sauka. Kafin su taso sai sun bugo waya sun tambayi yanayi, kuma tun da yake bai taɓa ce wa baƙo kada ya zo ba.

Idan bazara ce, lokacin da mariƙin ƙofa ke ƙona hannu, sabulu ya narke a bakin taga, sai ya ce ai zafin nan busasshe ne, har maganin ciwon gaɓɓai yake yi. Baƙo ya iso ya tarar da fanka tana juyawa kamar an yi mata dole, ya ja katifa ya koma tsakar gida. Idan lokacin sanyi ne, da ruwan bokiti ke cizon yatsa da safe, sai ya ce iskar ƙarin lafiya ce, kuma akwai barguna. Akwai ɗin kuwa, sai dai ba su kai yawan ɗakunan ba. Ruwan sama kuma, in ji shi, a yatsu ake ƙirga shi a shekara. Nan ma bai yi ƙarya ba, mantawa kawai yake ya ƙara da cewa duk ranar da aka yi shi, busasshen kogin da ya ratsa hanya cika yake ya batse, motoci su yi cirko-cirko a gaɓa sai ya ga dama ya janye. Direbobi kan ce da za a tambaye shi yanayin cikin tanderu, cewa zai yi da sauƙi, a dai taho da hula.

Mutum ɗaya tak yake gaya wa gaskiya, wato 'yarsa, wadda aure ya kai wani birni mai nisa. Da ta haifi mace, matarsa ce ta je, shi ya ce ba mai tsare masa masauki. Don haka jikar tasa a hoton waya kaɗai ya san ta, kuma Allah ya sani yana son yarinyar nan kamar ransa. Ɗakin da ya fi kowane sanyi ya ware mata, ya sa raga a taga, ya hana baƙi ko da masaukin ya cika.

Amma duk sanda 'yar ta ce za ta kawo ta, sai bawan Allah ya rikiɗe ya zama masanin yanayi mai tsoron Allah. A bazara ya ce wane mai hankali ne zai shigo da jaririya cikin wannan wuta. Da sanyi ya ce ƙirjin yaro ba zai ɗauka ba. Da damina ya tuna da kogin da bai taɓa tunawa da shi ba a gaban baƙo. Akwai ɗan tsakani bayan ɗaukewar ruwa da gari ke yin daɗi, to shi ma sai ya tsaya ya gwada shi tukuna. Ya fito da safe ya ji iska, ya fito da rana ya taɓa bango, ya ce a ƙara ba shi lokaci ya tabbata. Kafin ya gama tabbata, sanyi ya sauko.

Matarsa ta gaji ta tuna masa cewa baƙin da yake yaudara suna zuwa suna komawa da ransu, har da masu goyo. Ya ce waɗannan ai 'ya'yan wasu ne. A hankali 'yar ta daina maganar zuwa. Ta bugo su gaisa, shi kuma ya zayyana mata halin da gari ke ciki ko ba ta tambaya ba.

Bana da ruwa ya ɗauke, ya fito da safe ya ji iska mai laushi, ya rantse wannan karon ba gwaji. Ya share ɗakin da kansa, ya shimfiɗa sabon zanen gado, ya zauna a bakinsa ya buga waya. Wata siririyar murya ta ɗauka, ta tambayi mai magana. Bai san har jikar tasa ta iya magana haka ba.

"Kakanki ne," ya ce.

Sai ya ji ta tana kira daga nesa.

"Mama, zo ki karɓa. Mutumin nan ne mai cewa kada mu zo."

'Yar ta karɓa tana dariya, ta ce ya yi haƙuri, bakin yara ne. Ya yi ta maza ya ce gari ya yi daɗi, su kamo hanya gobe. Ta ce ai an sa yarinyar makaranta, ba za su samu tahowa ba sai hutun bazara.

"To ku zo a bazarar, 'yata. Ku zo haka nan."

Ta ce to, za su duba, sai dai shi ma Baba ya sani, zafin garin nan ba na yara ba ne.