Virgil Haskew, Mai Fatsa a Kan Murhun Ubansa

Haihuwa da asali

An haifi Virgil Haskew ranar 9 ga Maris, 1931, a ƙauyen Tallow Creek da ke arewacin jihar Mississippi. Mahaifinsa, Lemuel Haskew, manomin auduga ne, mahaifiyarsa Ora Bell kuwa ita ke ba da waƙa a majami'ar ƙauyen. Gidansu na bakin rafi ne, mai ƙaton murhun dutse wanda Lemuel ya gina da hannunsa.

Karatu da ƙaura

Ya shiga makarantar ƙauyen a 1937, ya tsaya a aji takwas saboda aikin gona. A 1951 hukuma ta kammala madatsar ruwa a kwarin, aka kwashe iyalai sittin da biyu, aka mayar da kaburbura kan tudu, aka rushe gidaje. Murhun Lemuel ne kaɗai ya gagari masu rusau. Kafin ruwa ya iso, Virgil ya tsaya a ƙofar gidan ya riƙe alamu biyu a ransa: ta gabas, hasumiyar sabuwar majami'ar da aka gina kan tudu ta saitu da wani dogon itace, ta arewa, tankin ruwan gari ya saitu da wata tsagar dutse.

Aiki da aure

Daga 1954 zuwa 1989 ya yi aikin raba wasiƙu a ƙauyukan gefen tafkin. Ya auri Lorene Stamps a 1956, suka sami 'ya'ya uku.

Kamun kifi

Abin da aka fi saninsa da shi shi ne kamun kirafi, kifin nan mai faɗi mai ɗigo-ɗigon baƙi. A watan Oktoba, idan ganye ya fara zuba ruwa ya huce, kirafi kan baro zurfi ya biyo tsohuwar hanyar rafi, ya taru duk inda ya sami rassa a ƙarƙashin ruwa. Saboda haka masunta kan tara itatuwan Kirsimeti da aka yar, su ɗaura musu bulo su nutsar, kowa yana ɓoye wurinsa. Virgil ya nutsar da nasa kewaye da murhun, bai kuma faɗa wa kowa ba, har matarsa.

Amininsa Buford Pettus, makaniki, ya yi shekara talatin yana leƙensa da tabaron hangen nesa. Idan Virgil ya hango shi, sai ya ɗaure jirgin ruwansa a inda babu komai ya yi ta jefa fatsa.

"Kai Virgil, tsohon banza, jiya na wuni a wurin nan naka, ko cizon sauro ban samu ba!" in ji Buford wata rana a mashigi.

"Ai kuwa ka yi sa'a, ɗan'uwa," in ji Virgil. "Ni sauron ya cije ni."

Tsufa

Lorene ta rasu a 2006. A 2008 guguwa ta kayar da dogon itacen, a shekarar da ta biyo kuma idanun Virgil suka dushe har ba ya iya hango hasumiya. Cikin waɗanda suka san Tallow Creek da ƙafa shi kaɗai ya rage, kuma ya fahimci cewa idan bai sake gano wurin ba, ba za a ƙara samun wanda ya san inda gidan yake ba.

A Oktoban 2009 'yarsa Nelda, ma'aikaciyar jinya da ta yi ritaya, ta zo daga Memphis. Ya gaya mata alamun, amma alama ɗaya ce ta rage, da ita kuwa layi kawai ake samu, ba wuri ba. Kwana uku suna kai da komo ba su dace ba. A rana ta huɗu ya ce ta bar duban tudu, ta saita tanki da tsagar dutse ta tuƙa a hankali, shi kuma ya saki dalma a igiya yana jan ta a ƙasa. Ya ji inda ƙasa ta zarme ƙafa talatin, ya ce rafi ne. Ya ji ta taso zuwa sha takwas, ya ce tsohuwar garkarsu ta kabewa ce. Can sai dalmar ta bugi wani abu.

"Reshe ne, Baba?"

"Reshe ba ya amsawa haka. Dutsen kakanki ne. Saki anka, jirgin ya tsaya."

Kifin farko da ya ci koto, Nelda ta fizge sanda da ƙarfi, ƙugiya ta dawo fayau.

"A hankali, 'yar nan! Bakinsa kamar takarda yake. Ba majinyaci kike juyawa ba."

Sun kama ashirin da bakwai kafin azahar. Da Nelda ta ce ga wani jirgi can yana leƙensu, Virgil ya sa ta ɗaga masa hula. Buford ya matso yana ɗari-ɗari.

"Wata yaudarar ce kuma?"

"Jefa ka gani, malalaci. Falon uwata kake ciki, ka cire hula."

A makon ne ya sa aka ɗaure jar jarka a saman ruwa don alamar wurin, ya kuma sanar a majami'a cewa duk mai so ya je. Ya ƙara yin kaka huɗu yana fita, Nelda na tuƙi.

Rasuwa

Virgil Haskew ya rasu ranar 3 ga Nuwamba, 2014, yana da shekara tamanin da uku, bayan gajeriyar rashin lafiya. An yi jana'izarsa a majami'ar kan tudu, aka binne shi tsakanin matarsa da iyayensa. Buford Pettus na cikin waɗanda suka ɗauki akwatin, bayan an dawo kuma aka soya kirafi da garin masara aka ciyar da jama'a. Ya bar 'ya'ya uku, Dwight a Tulsa, Carol Faye a Jackson, da Nelda wadda ta tare a gidansa, sai jikoki bakwai. Jarkar tana nan, kuma kowane watan Janairu mutanen gari kan kai itatuwansu su nutsar a gindin murhun.