Saƙon Awo Ga Matar Da Ta Rasu

A lokacin ina matashin mai rubuta manhaja a wani ƙaramin kamfani a Gusau, kaina a kumbure, ba na son gyara. Mun yi wa wasu ƙananan asibitoci a Tsafe da Bungudu manhajar da ke tura wa masu juna biyu saƙon tunin ranar awo. Ayyuka biyu ke gudana lokaci guda a bayan fage: ɗaya na tura saƙo, ɗaya na cire sunan duk wadda ma'aikaciyar jinya ta shigar cewa ta rasu.

Ni aka ba rubuta gwajin, wato 'yar manhajar da za ta riƙa tabbatarwa ana cire sunan. Maimakon in sa gwajin ya jira har aikin cire sunan ya ba da alamar ya gama, sai na sa ya yi barcin daƙiƙa biyu, ya farka ya duba. Yawanci lafiya lau. Amma jefi-jefi sai ya nuna ja, alamar ya faɗi, ya ce marigayiyar tana nan a jerin waɗanda za a tura wa saƙo. Abokiyar aikina, wadda ta girme ni a sana'ar, ta ce kada in raina wannan jan, in gyara jiran mu ga abin da ke ƙasa. Na ce mata kwamfuta ce ke nauyi. Na mai da barcin daƙiƙa biyar, na kuma sa in ya faɗi ya yi ta maimaitawa har ya ci. Shi ke nan, na rufe bakinsa.

Bayan wata uku, da hantsi, wani manomi daga Kucheri ya shigo ofishinmu, asibiti suka turo shi. Ya ajiye ƙaramar waya a teburina a hankali, kamar mai ajiye ƙwai. Ta matarsa ce, wadda ta rasu da cikin wata bakwai. Duk Talata wayar sai ta yi ƙara, a kira sunanta, a ce ana jiranta awo. Mahaifiyarsa ta daina shiga ɗakin da wayar take, an yi sauka, an yi turare, Talata na zagayowa saƙon ya sake shigowa. Bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Malam, da hannuna na sa ta a kabari. Wa ke jiranta?"

Ranar na sa gwajin ya jira alamar gamawa, sai ga gaskiya tsirara: in ayyukan biyu suka yi karo, mai tura saƙo yakan mayar da tsohon jeri, sunan da aka cire ya dawo. Abin da jan nan ke faɗa mini ke nan tun farko.

'Yan'uwa masu wannan sana'a, gwajin da ke faɗuwa wani lokaci magana yake yi, kada ku ƙara masa barci. Na gyara kuskuren cikin awa ɗaya, na roƙi gafarar mutumin, ya ce ya yafe. Amma bai ɗauki wayar ba. Tana cikin aljihun teburina a kashe, kuma har yau ban iya kunna ta ranar Talata ba.