Shafin Mata da Malam Haliru Ya Bari Fayau

Har yau a ofishin ilimi ana cewa Malam Haliru bai je Kalgo da Gwandu ba, wai a ƙarƙashin itace ya zauna ya cike takardun. Ba haka ba ne. Ni ma na faɗa a lokacin, da ƙarfi kuwa. Ranar da na gane kuskurena ba ta fita raina ba.

A daminar 1956 ina koyar da aji biyu na 'yan mata a Birnin Kebbi, shekara guda da gama makaranta. Baturen ilimi ya sa a yi binciken malamai, na boko da na zaure: wa ke koyarwa, me yake koyarwa, a ina ya yi karatu. Da sakamakon ne za a zaɓi waɗanda za a tura ƙarin horo. Aikin ya faɗa kan Malam Haliru, malamin zagaya, wato mai bin makarantun ƙauye yana duba aikin malamai. Ya dawo da shafin maza a cike. A shafin mata kuwa ya rubuta "babu".

Bature bai yarda ba. Ya ce in ta tabbata Malam bai je ba, zai sauke shi ya koma malamin aji, bayan shekara goma sha biyar yana aiki. Aka ce in bi Malam mu sake zagayen.

A Kalgo muka shiga zaure huɗu, amsa ɗaya: babu. A Gwandu muka sauka zauren wani dattijo, Malam Buhari. Aka yi gaisuwa har na gaji. Sannan Malam Haliru ya ce, "Allah gafarta Malam, ko akwai mace mai koyarwa a gidan nan?"

"A'a. Tsohuwa dai na ciki, tana 'yan kame-kamenta."

Ban jira izini ba, na ɗaga asabari na shige. A tsakar gida na tarar da mata sun fi goma a kan tabarmi, wasu da goyo, kowace da littafi a cinya. Wata tsohuwa, Inna Kulu, tana fassara musu babin gado, ba ta ko duba takarda.

Ta dube ni sama da ƙasa. "Ke ce ɗiyar bokon? Ba a koya muku sallama can?"

Matan suka yi dariya. Na yi sallama, na durƙusa. Ta miƙo mini littafin, ta ce in ɗora daga inda ta tsaya. A layi na biyu na maƙale.

"To, madalla. Mi kika zo aunawa?"

Na buɗe takardata na karanta tambayar farko yadda take: "Inna, ke malama ce?"

"Ni? Wa ya gaya miki? Ɗaliba ce ni."

Da na bi takardar, ni ma "babu" zan rubuta. Haushi ya kama ni, na juya ga ta kusa da ni na ce, "Ke wa ya koya miki?" Ta nuna Inna da haɓa. Ta biyu ta ce ita a hannun gwaggonta ta fara, a Kalgo. Ta uku ta ambaci wata. Kafin la'asar ina da sunayen mata bakwai, biyu daga cikinsu a gidajen da aka ce mana babu.

A hanya na tare Malam Haliru. "Malam, ka san da su?"

"Kowa ya sani. Mahaifiyata ma a gidan ta yi karatu."

"To, me ya sa ka rubuta babu?"

"Malama, mutum ba ya yabon iyalinsa gaban baƙo. Mai gida ya ce babu. In ƙaryata shi a zaurensa, in sa sunan matarsa a takardar gwamnati? Gara a sauke ni."

Na kai rahoto. Na gaya wa Bature kai tsaye cewa Malam ya je kowane gida, takardar ce ba ta iya tambaya ba. Ya juya fensir, ya ce matan ba su da takardar shaida, a rubuta su a bayan shafi. Malam Haliru ya tsira da muƙaminsa, amma aka sa masa gargaɗi a fayil, wai ya ɓoye bayani. Bai ɗaukaka ƙara ba.

Abin da na koya kaɗan ne. A wannan ƙasa mai ilimi ba ya faɗin kansa, nasa ma ba sa faɗinsa. A bakin ɗalibi ake jin sunan malami. Kuma muddin namiji ne zai riƙe shafin mata, ko ya yi ƙarya ko ya yi rashin kunya, wani gargaɗin na jiran wani.

Don haka na rubuta wa ofis cewa a raba aikin: Malam ya riƙe zaure, ni in riƙe cikin gida. Ko sun amsa ko ba su amsa ba, hutun nan da garin Malisa zan fara.