Malam Sake-Ɗiba, Ka Hana A Ɗibi Naka

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, tara ga watan nan, ina tsaka da auna jarirai da hantsi, aka zo aka ce ka yanke jiki ka faɗi a ƙofar ɗakin gwajin jini. Kafin a kai ka kan gado rai ya yi halinsa. Zuciya ce.

Har yau ina jin haushinka, Malam, ba zan ɓoye ba. Kwana uku kana dafe ƙirji kana cewa gyambon ciki ne. Kai da ka shekara goma sha bakwai kana auna troponin, sinadarin nan da ke zuba cikin jini idan tsokar zuciya ta ji rauni. Na'urar tana gefen kujerarka. Na ce ka miƙo hannu, ka ce, "Sista, kayan gwajin nan na yara ne, ba na tsofaffi masu ƙwadayin yaji ba."

Mu nas-nas muka laƙaba maka Sake-Ɗiba, kuma ba don yabo ba. Sai mutum ya sha wuya ya samo jini daga jijiyar jariri wadda ba ta fi zare ba, ka ɗaga kwalbar ka duba, ka ce ya daskare, a sake. Ba roƙo, ba sanayya.

Na tuna yarinyar da aka haifa bayan doguwar naƙuda, ba ta yi kuka ba sai da aka yi da gaske. Kwana biyu ta fara kama nono, likita ya rubuta sallama, kakarta ta naɗe tabarma. Sai ga ka ka hawo bene kana haki, takarda a hannu. Ka ce sabon haihuwa dama troponin ɗinsa yakan ɗan yi sama, amma na wannan hawa yake ba sauka ba, sai an sake ɗiba. Kakar ta tare gadon ta ce, "Ɗan nan, jinin nawa ne a jikinta da za ku ƙarar?" Ka durƙusa kana lallashinta, ni kuwa kamar in shaƙe ka. Hoton zuciya ya nuna bugun ya raunana. Yarinyar ta ƙara kwana goma sha ɗaya a wajenmu kan magani. Bana aka sa ta makaranta. Mahaifinta na cikin waɗanda suka ɗauki makararka.

Ka ga, kusan kullum kai ke da gaskiya, abin da ya fi ba mu haushi ke nan. Sau ɗaya ka yi ganganci, da kanka.

Na sani kwana ya ƙare ne, ba mai ƙara wa wani. Allah Ya jiƙanka, Ya yalwata kabarinka, Ya sa wahalar da ka sha kan 'ya'yan mutane ta tsaya maka. Ga maiɗakinka da 'ya'yanku huɗu da mahaifiyarka, Allah Ya ba ku haƙurin rashi. Ni ma a sa ni a addu'a, fushina bai gama hucewa ba, amma ina ƙoƙari.