Ƙwaryar Geron da Na Kasa Sha

Akwai wata ƙwaryar gero da aka taɓa ba ni kyauta, wadda har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da ita ba.

Lokacin ina shekarar ƙarshe a kwalejin horar da malamai, ina ji da kaina ƙwarai. Na sha gani a waya yadda wasu ke tsallaka ƙasashe suna koya wa 'ya'yan talakawa Turanci kyauta, sai na ce ni ba sai na hau jirgi ba. Da aka yi dogon hutun damina, na bar gidanmu a Birnin Kudu na tare wurin gwaggona a wani ƙauye bayan Fagam. Mai unguwa ya ba ni gindin tsamiya da baƙin allo, muna karatu daga azahar zuwa la'asar.

A cikin yaran akwai wata siririya 'yar shekara goma sha ɗaya, marainiya, daga ita sai kakarta. Kai gare ta, sau ɗaya ake faɗa mata abu. Kullum muryarta a dashe take, har nakan tsokane ta cewa ta dace da aikin tasha, ita kuwa ta yi dariya kawai. Ban taɓa tambayar abin da ke dasar mata da murya ba.

Da hutu ya zo ƙarewa na shirya bikin rufe aji, na gayyato ƙawayena su ɗauki bidiyo, na kuma zaɓe ta ta yi jawabin maraba da Turanci. In faɗi gaskiya, don kaina na shirya bikin, so nake a ga aikina. Sai na ƙara gwajin kwana huɗu, tun da sassafe.

Ta biyo ni bayan an tashi. "Malama, da safe ba zan samu zuwa ba."

"Saboda me?"

"Ina gona."

"Duk garin nan wa ba shi da gona? In ba ki zo ba, wata zan ba jawabin."

Ta buɗe baki za ta ƙara magana, na ɗaga mata hannu. Dama ni akwai saurin hawa. Ta zo kuwa, kwana huɗu cur, ita ke riga kowa. Na lura tana yawan waiwayen wajen gonaki, na daka mata tsawa ta tattara hankalinta.

Biki ya yi kyau, ta zuba jawabi ba gargada, aka yi ta tafi, ni kuwa baki har kunne. Washegari ina haɗa kaya sai ga kakar tana dogara sanda, yarinyar na biye da ƙwarya a ka.

"Malama, ga ɗan abin kunu," in ji tsohuwar. "Mu nan malami ba ya barin mu hannu rabbana. Ki yi haƙuri da ƙanƙantarsa, na bara ne na kankaro a gindin rumbu. Bana tsuntsu ya riga mu."

Na yi godiya ban gane ba. Bayan sun tafi gwaggo ta ce in yafa mayafi, ta ja ni har gonar tsohuwar. Gero na nan a tsaye, amma duk zangarniyar da na kama babu tsaba. Ga igiyoyi da gwangwanaye an ja daga kusurwa zuwa kusurwa. Ashe yarinyar ce ke tsaron tsuntsu, tun asuba tana ihu tana kaɗa gwangwani har rana ta take, da la'asar ta koma. A safiyoyin nan huɗu yaran maƙwabta suka kori tsuntsayen jan-baki daga gonakinsu, tsuntsayen suka sauka a wadda ba kowa. Abincin shekarar mutum biyu ke nan.

Na koma da ƙwaryar ina kuka. Tsohuwar ta ƙi karɓa.

"Ba a mayar da kyauta, 'yata. Ni na ce ta je, kada a hana ta abin da take so. Na gwada tsaron da kaina, ƙafa ta ƙi, muryar ma ba ta kaiwa tsakiyar gona."

"To me ya sa ba a faɗa mini ba?"

Yarinyar ta sunkuyar da kai. "Na fara faɗa, Malama."

Na aika musu da hatsi daga baya, amma bai kai su ko'ina ba. Kafin rani aka tura ta Dingaya wurin wata innarta saboda a rage baki, karatun kuma ya tsaya nan. Geron kuwa mahaifiyata ta dama kunu da shi, kowa ya sha, ni na kasa.

Yanzu shekarata goma ina koyarwa, kuma wannan nadamar ba ta sake ni ba. Na je koya wa mutane harshen wasu, ban tsaya na ji abin da ake gaya mini da nawa ba. Shi ya sa yau duk yaron da ya ce mini ba zai samu zuwa ba, nakan ajiye alli, in yi shiru har ya kai ƙarshen maganarsa.