Garin Katako a Kan Dardumar Inna

Jiya na shiga gaishe da Inna da wuri fiye da yadda na saba, sai na tarar da ita a durƙushe tana share wani farin gari daga kan dardumarta. Na ɗaga kai. Daga katakon rufin ɗakin yake zubowa.

Farin katako ne, mai sauƙin nauyi da saurin shan ƙusa. Lokacin da na yi mata rufin, duk abin da ƙasidun gini suka ce na bi: na shanya shi a inuwa, na shafe kowanne da baƙin mai. Na taka kujera na danna ɗaya, yatsana ya nutse. Ƙwaro ya cinye cikinsa.

Na ce, "Inna, tun yaushe?"

Ta ce, "Tun bara. Kullum sai na share kahin ka shigo. Na san halinka, in ka gani ba ka kwana."

Hadari ya fara haɗowa a Gummi, ba ni da halin sake rufi bana, ita kuma ta ce ba ta barin ɗakinta.

Jama'a, katakon da ya zama gari yana da magani, ko addu'a ce kawai ta rage mini?