Dabinon da Na Ɗora a Kan Kati

Duk unguwarmu ta Mahdiya babu mai ƙwaƙwalwa irin tawa, haka nake faɗa wa kowa. Ran Juma'a mu huɗu mukan buga katin dodanni a garejin abokina, wanda aka fara fitarwa shi ke dafa shayi. Ƙa'idarmu, katin da ke aiki kowane zagaye sai ka ambata da baki, in ka yi shiru ya wuce. Ran nan katina rai yake ƙara mini a wasan, in rai ya ƙare kuwa an fitar da kai, don haka na ɗora masa dabino kada in manta. Ina tsakiyar cika baki na kai hannu na cinye dabinon. Zagaye uku ban ambata ba, aka fitar da ni.

Ina hura gawayi mai garejin ya ce, "Alhaji, gaba ka ɗora dutse, shi ba ya ciwuwa."